Rabin Katin Ermes

Ermes Malavasi da matarsa Iride sun sayi gurbin kabari biyu a jikin bangon maƙabartar Borgofosso, kafaɗa da kafaɗa, a layi na biyu daga ƙasa, inda mai kawo fure ba sai ya hau tsani ba. Iride ce ta zaɓa. Ta ce ta san halin 'yarsu, in har sai an hau tsani to furen roba za su samu, shi ma sau ɗaya. Ba wanda ke ciwo a cikinsu. Ermes ya ba saba'in baya amma yana share faranti biyu na taliya, ya hau keke ya tafi teburin karta. Iride kuwa likitan garin ma ya daina ba ta shawara, ita ke ba shi. Sai dai duk sa'o'insu sun kama wuri, kuma ba a barin mutum a baya a irin wannan harka.

Abin da ya rage shi ne hoto. Kowane gurbi da allonsa na marmara, kowane allo da ɗan hoton mai shi, an gasa a jikin tangaran mai siffar ƙwai, don mai ziyara ya san da wa yake magana. Iride ta miƙa nata tun tuni ga Sauro mai sassaƙar marmara: wanda aka ɗauke ta ranar bikin ƙanwarta, ƙugu kamar na zanzaro. Ba wanda ya ga laifinta. A bangon nan matan garin duk 'yan mata ne. In baƙo ya bi layi yana dubawa sai ya zaci wata annoba ce ta kwashe su da ƙuruciya, sai ya karanta shekaru hankalinsa ya kwanta.

Shi Ermes ba shi da abin miƙawa. Shekarun baya kogin Po ya shigo unguwarsu ba sallama, ya kwana biyu, ya tafi da akwatin hotunansu. Na Iride ya tsira ne don yana gidan ƙanwarta. Abin da ya rage wa Ermes shi ne hoton katin shaidarsa, wanda aka ɗauka bayan ya yi ritaya: sanƙo yana ƙyalli, kumatu sun zubo, idanu kamar na wanda aka kama da kazar maƙwabci. Amma ya san akwai wani hoton nasa a duniya, an ma buga shi dubbai.

Yana ɗan ashirin da 'yan kai ya yi gola na biyu a ƙungiyar garinsu, a shekarar nan ɗaya tak da ta leƙa rukuni na biyu kamar mai leƙa gidan biki, ta gaisa, ta dawo. Yawancin kakar a benci ya yi ta, da bargo a gwiwa. Da gola na farko ya karya yatsa aka sa shi wasu 'yan wasanni, har ya tare fenariti guda. Wasu tsofaffin 'yan wasa labarinsu girma yake yi da shekaru, na Ermes bai taɓa ƙara ko taki ba: ya ce santsi ne ya kwashe shi ya faɗi hagu, ƙwallon ta same shi a can.

A shekarar ne kamfanin katunan 'yan ƙwallo ya aiko mai hoto. 'Yan rukuni na farko kowa da katinsa. 'Yan rukuni na biyu kuwa mutum biyu ake haɗawa a kati guda, kamar gadon masaukin talaka. Aka sa Ermes a hagu, da rigar gola baƙa da suma har wuya. A dama aka sa wani siririn yaro da ya gangaro daga duwatsu, Renzo Valdrighi, wanda a lokacin takalmin aro yake wasa da shi. Bayan 'yan shekaru Renzo ya tafi babban birni, ya buga wa ƙasa, fuskarsa ta hau tallar sabulun aski. Ermes ya kama tuƙin bas tsakanin Borgofosso da birni, ya yi ta yi har gashin ya ƙare. Bai taɓa jin haushi ba. Yakan ce Renzo gwiwa biyu aka yanka masa, shi kuwa nasa na haihuwa ne har yau.

Katin nan nasu ya ga rayuwa iri biyu. Kafin Renzo ya yi suna, shi ne katin da yara ba sa jin ciwon rasawa. Shi ake bugawa a ƙasa, shi ake jefawa jikin bango, shi ake maƙalawa a wayar keke don ya yi ƙarar babur. Bayan Renzo ya yi suna, 'yan kaɗan da suka tsira da lafiyarsu suka zama kayan manya, ana rufe su cikin roba mai tauri, ana yi musu maki kamar 'yan jarrabawa. Albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko, haka Ermes ya wayi gari fuskarsa ta fi ƙarfin aljihunsa.

Tun bayan ambaliya, duk kaka sai ya hau jirgin ƙasa zuwa babban taron masu tara katuna a Bologna. Ba gaggawa yake yi ba. Yana son ƙamshin tsohuwar takarda, yana son gardama, yana son burodi da yankakken nama da yake ci a tsaye. Abin da ya tara yana cikin gwangwanin biskit: akwai wanda wani yaro ya yi masa gashin baki da biro, akwai wanda keke ya cinye masa goshi, akwai wanda aka ninke daidai kan hancinsa. Duk ya kai wa Sauro. Mijin 'yarsu ma ya zaƙulo wani daga waya aka buga a takarda. Sauro ya duba ya ce, "Ermes, in na gasa wannan, kunun da ya kwana za a gani da riga. Kawo mini kati mai lafiya in sa a ƙarƙashin injina, ko ka kawo katin shaida."

Bana sai Iride ta sa wa abin wa'adi. Matar wanta ta riga ta kafa nasu allon, kuma ranar ziyarar matattu ta kusa, ranar da duk gari ke zuwa maƙabarta da fure, rabi don matattu, rabi don ganin aikin marmarar juna.

"Ka ji ni da kyau, tsoho," in ji ta, tana naɗe masa burodi a takarda. "In ka dawo hannu rabbana, katin shaida zan kai wa Sauro."

"Haba, Iride. Ke kina can kamar amarya, ni ina gefe kamar kakanki?"

"To wa ya ce ka ajiye akwati a ƙasan bene?"

"Ke kika ce."

"Sai ka ji? Tashi, jirgi ba ya jiran gola na biyu."

Zauren taron ya kai filin ƙwallo girma, har da ragowa. Teburi bayan teburi, fitilu farare, maza masu furfura sun sunkuya kan akwatunan takalmi cike da katuna, suna yatsa suna motsa baki kamar masu addu'a. A nan mutumin da bai san ranar haihuwar matarsa ba zai gaya maka launin safar ƙungiyar da ta rushe kafin a haife shi. Ba a kallon fuskar da ke jikin kati. Kusurwa ake kallo, da baya, da ko gam ya taɓa shi. Katin da aka taɓa mannawa a kundi an gama da shi, ko da hoton waliyyi ne a jiki.

Ya fara da teburin Fulvio, tsohon abokin cinikinsa, mai tumbi da tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a ka.

"A ɓoye biro, jama'a, ga Malavasi nan!" in ji Fulvio da ƙarfi.

Tsohuwar tsokana ce. Wata shekara wani mai saye ya gane Ermes, ya ce cikin ladabi ko zai sa masa hannu, Ermes ya sa, darajar katin ta faɗi warwas. Tun daga nan aka san cewa sa hannun Renzo na ninka kuɗin kati, na Ermes kuwa ana lissafa shi cikin tabo.

"Rufe mana baki, ɓarawon marayu. Akwai wani abu?"

"Akwai kai da tabon kofi a haɓa. Akwai kai da wani ya huda maka ido da ƙusa."

"Mai lafiya nake nema, Fulvio. Na kabari ne."

Fulvio ya sauke tabarau na sama kan na ƙasa. "Subhanallahi. Me likita ya ce?"

"Likita bai ce komai ba. Iride ce ta ce."

"Ai ya fi tsanani. Je ka layin tsakiya, wurin yaran nan 'yan Milano masu safar hannu. Suna da guda. Amma ka riƙe zuciyarka."

Suna da shi kuwa, cikin akwatin gilashi, da 'yar fitilarsa shi kaɗai. Ermes ya sunkuya ya ga kansa. Suma baƙa wuluk, haɓa guda ɗaya, ido na kallon wani abu can nesa, wanda ya tuna karen mai hoto ne. Kati kamar yau aka buga shi. Kuɗin da aka rubuta a gefe ya kai fanshonsa na watanni, kuma Iride ce ke karɓar fanshon.

"Baba, kallo kyauta ne, amma kada numfashi ya taɓa gilashin," in ji saurayin mai teburin, da fara'arsa. "Katin Valdrighi ne na farko. Kusurwa huɗu lafiya, bayansa fari tas."

"Na hagun fa?"

"Wani gola ne."

"Ni ne."

Saurayin ya dubi katin, ya dubi sanƙon, ya ce, "Allah mai iko." Ya kira abokinsa suka gaisa da shi hannu bibbiyu, sun ma ji daɗi da gaske. Ermes ya yi musu bayanin bango da Sauro da Iride. Ya nemi aron katin na kwana biyu. Suka ce in aka fasa robar maki ya tafi, in ba a fasa ba injin Sauro ƙyallin roba zai ɗauka. Ermes ya yi tunani irin na mai gaskiya, sannan ya kawo shawarar da a ganinsa ta raba gardama.

"To mu yi haka, ɗana. Kuɗin nan duk na Renzo ne, ko? Ni ba na cikin lissafi. Kawo almakashi ka yanka mini nawa rabin, ka riƙe Renzonka. Ba ka yi asarar komai ba."

Kalmar almakashi ta bi layin tsakiya kamar an ce gobara. Wani dattijo da ke duba kati da hantsaki ya dafe ƙirji. Saurayin ya ɗora hannuwa biyu kan gilashin. "Baba, don girman Allah, matsa baya kaɗan."

"Ai adalci na faɗa."

"Na sani, Baba. Matsa dai."

Ya matsa. Ya je ya ci burodinsa a jingine da ginshiƙi, ya sha kofi mai ɗaci, bai ji wani ɓacin rai ba. Ya ga kansa da suma, wannan ma riba ce. Sai dai da ya tuna idanun nan na katin shaida za su yi ta kallon jama'ar Borgofosso har tashin duniya, kofin ya ƙara ɗaci.

Can ƙarshen zauren, kusa da ƙofar da iska ke shigowa, nan ake ajiye waɗanda ba 'yan kasuwa ba: masu kwashe tsofaffin kaya daga ɗakin ajiya, da matan da miji ya bar wa tarkace. Masu safar hannu ba sa zuwa nan, don kayan wurin duk mannannu ne. Ermes ma bai cika zuwa ba. Shekara da shekaru yana cuɗanya da masu tara katuna har ya ɗauki ƙyamarsu, yana jin kalmar gam sai ya kau da kai, ya manta cewa shi ba bayan kati yake nema ba. Yau da ya ga hanya ta ƙare sai ya tuna.

Wata mata ce zaune kan kujerar ninkewa, gashi ja na rini, tana saƙa. Gabanta tsofaffin kundaye ne na manna katuna, gefensu ya yi ruwan ƙasa. Akwai na shekararsa.

"Sinyora, in duba?"

"Duba mana, ai ba ƙwai ba ne. Na wana ne, ya koma gidan tsofaffi, ya ce in rabu da su. Tun safe masu gilashi a ido ke zuwa, su shinshina, su ce an manna, su wuce. To da me za a yi da su in ba mannawa ba?"

Ya buɗe. Takardar ta yi ƙara, ƙamshin tsohon gam ya taso. Ya wuce manyan ƙungiyoyi, ya kai shafukan baya inda ake cusa 'yan rukuni na biyu. Kundin da ya shekara hamsin a rufe rana ba ta ga cikinsa ba, launuka na nan kamar jiya. Ya sa yatsa ya gangara, ya tsaya.

Ga shi nan, shi kaɗai. Ba tabo, ba ninki, ba gashin baki na biro. Inda Renzo ya kamata ya kasance sai farar takarda da busasshen gam. Wani ya riga ya yi aikin almakashin tun da daɗewa.

"A'a, wannan shafin ya lalace," in ji matar, ta leƙo. "Ni na lalata shi. Wana ya yi wata guda ba ya yi mini magana. Ina 'yar sha huɗu, Renzo kuwa... kai dai bari. Ka san shi ai?"

"Na ɗan san shi. Ni ne wanda kika bari."

Ta ajiye saƙa. Ta dubi shafin, ta dube shi, ta sake duban shafin, sannan ta fashe da dariya har da buga cinya. "Wayyo ni Ombretta! Yallaɓai, ka yafe mini. Wallahi da na san za ka zo da kanka da na yi maka yankan kirki."

Sai a lokacin ya lura. Yarinyar da ta yi yankan ba ta so ko zaren rigar Renzo ya salwanta, don haka ta shigo da almakashinta cikin gonar maƙwabci. Fuskar Ermes na nan cif, da sumarsa, da rigarsa, amma kunnen da ke ɓangaren Renzo babu shi.

"Kunnena fa, Sinyora?"

Ta jawo jakarta, ta buɗe 'yar pos, ta zaro wani abu daga bayan hoton jikokinta. Renzo ne, ya yi laushi kamar tsumma, ya koɗe, gefensa ya cinye. A gefen hagunsa kuwa ga ɗan kunne nan, shi kaɗai, ya yi launin ganyen shayi.

"Miji biyu na binne, yana nan," in ji ta.

Ermes ya kara guntun kusa da shafin. Kunnen ya tsufa, fuskar ba ta tsufa ba. Ko an haɗa su ba za su san juna ba.

"In na ce ki yanko mini shi?"

Ta karɓe abinta da sauri ta mayar cikin pos. "A'a, yallaɓai. Ba a sa wa Renzo almakashi."

"Haka aka gaya mini a layin tsakiya."

Ta ce ya yage shafin ya tafi da shi kyauta, ladan kunne. Ya ce ba a yi haka ba, ya sayi kundin gaba ɗaya a kuɗin da bai kai na tikitin jirginsa ba, ya ƙara mata da kofi. Da ya biyo ta teburin Fulvio ya nuna masa, Fulvio ya duba da tabarau biyu ya ce, "Mannanne, yankakke, mai kunne ɗaya. Malavasi, a duk zauren nan babu kati marar daraja kamar wannan. Allah ya sanya alheri."

Washegari da hantsi suka tafi shagon Sauro shi da Iride, kundin a cikin jakar cefane. Sauro ya kakkaɓe farar ƙura daga hannunsa, ya sa shafin ƙarƙashin fitila, ya daɗe yana dubawa.

"Wannan zai gasu," in ji shi. "Zai yi kyau ma. Kunnen kuwa ba matsala, sai in zana maka wani. Na sha yi. Akwai wanda na cire wa sigari a baki, akwai wadda na cire wa miji a kafaɗa."

"Bar shi haka," in ji Ermes. "Ba na son kunnen aro."

Iride ta sa tabarau ta matso. "Ina kunnen ya tafi?"

"Yana jakar wata mata a Bologna."

"Wace mata?"

"Ombretta. Mai jan gashi. Tun tana 'yar sha huɗu yake wurinta."

Iride ta cire tabarau ta dube shi sama da ƙasa. "Ka ji, Sauro? Shekara hamsin ina magana, ashe a jakar wata take shiga."

Ta mayar da tabarau, ta sake sunkuyawa kan shafin. Wannan karon ta daɗe. Sauro ya shiga gyara abin da bai lalace ba a kan teburinsa. Ermes ya tsaya da hula a hannu yana jiran hukunci, don katin shaidar na cikin jakarta, ya ga lokacin da ta saka shi.

"Wannan sumar," in ji ta a hankali, ba da kowa take ba. "Uwata ta ce kada in auri mai irin wannan sumar." Ta miƙe. "Sauro, a allunan nan namu, wa ka sa a hagu?"

"Shi, Sinyora. Ke a dama, yadda kika ce."

"To sauya. Ni a hagu, shi a dama. Kunnen da ya rage ya zo ta wajena."

"Sai na sake jan layi fa."

"Ja mana. Sauri muke yi?"

Sauro ya ɗauko fensir daga bayan kunnensa. Ermes ya mayar da hularsa, ya fita ya kwance keke, don an kusa fara karta kuma yau yana da labari.